Notin Birki Da Ya Ƙi Kwancewa: Matsayarmu Kan Gyaran Mota A Ƙofar Gida



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, riƙe mota ya zama wani babban nauyi a wuyan magidanci. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Darajar naira ta faɗi, kayan gyara da ake shigo da su daga waje suka bi dala suka yi sama. Shi ya sa a yanzu, duk wanda ya zaga Kwamba, Gauraka, Maje ko Madalla da safiyar Asabar zai ga motoci a ɗage a ƙofar gida, maigida ya tuɓe babbar riga, yaro na riƙe masa waya yana kallon bidiyon YouTube yana bi. Canjin baƙin mai da fulogi sun daɗe da komawa gida. Yanzu abin ya kai ga birki.

Wannan ne ya jawo muhawara a tsakaninmu. Wasu daga cikin dattawanmu suna ganin ya kamata ƙungiya ta fito fili ta ce kada wani mamba ya sake taɓa birkin motarsa da kansa. Matasa kuma suna cewa aikin da ba ya wuce awa ɗaya, don me za a biya kuɗin aiki a kansa, alhali wani lokacin ma yaron gareji ne zai yi, ba maigidansa ba? Mun saurari kowane ɓangare, kuma ga abin da muke gani. Canza takalmin birki a gida ba laifi ba ne ga wanda ya san abin da yake yi. Inda matsalar take shi ne lokacin da noti ya ƙi kwancewa. A daidai wannan lokacin ne mutum mai hankali yake komawa mai ƙarfin tuwo, ya ɗauko guduma, ya ɗauko bututu, wani ma ya aika a kira mai walda. Abin da aka yi wa wannan notin a cikin minti 10 na fushi shi ne zai biyo motar har kan titi.

Kuma kun san irin titin da muke bi. Mafi yawanmu a Suleja muke kwana, a Abuja muke neman abinci. Kullum sai mun wuce gindin Dutsen Zuma, mu ratsa cunkoson Madalla, mu faɗa Zuba, daga nan wasu su miƙe Dei-Dei da Kubwa, wasu su yi Gwagwalada. Tankokin mai masu zuwa daffon Maje da tireloli masu tafiya Kaduna da Kano duk tare muke gogayya da su. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wato kafin direba ya gama fahimtar cewa birkinsa ya yi laushi ya sake takawa, ya riga ya ci tsawon motoci huɗu ko biyar. A Madalla, inda masu talla da 'yan acaɓa da yara ke tsallaka titi ta ko'ina, wannan tazarar rai ce. Ba kuma ran mai motar kaɗai ba.

Bari mu ɗan yi bayanin abin da ake magana a kai, domin ba kowa ne ya taɓa cire taya ya leƙa ba. A bayan tayar gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da tayar. A kansa akwai wani dunƙulen ƙarfe da ya rungume shi, wanda kanikawa ke kira kalifa. Idan ka taka birki, man birki ne ke tura wani fistin a cikin kalifar, shi kuma ya matse takalman birki biyu a jikin faifan, mota ta tsaya. Birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota. Notuna iri biyu ne ke riƙe da wannan kalifar. Akwai ƙanana guda biyu da ke ɗaure ta a kan sandunan da take zamewa a kai, akwai kuma manya guda biyu da ke ɗaure mazauninta a jikin ƙafar mota. A Corolla irin waɗanda suka cika hanyarmu, ƙananan sukan ɗauki sifana mai lamba 14, manyan kuma lamba 17. Wasu motocin Jamus, irin su Golf, sukan zo da noti mai rami a ka wanda sai da alanki ake kwance shi. Mai son canza takalmin birki kawai, ƙananan ne aikinsa. Manyan sai idan za a cire faifan. Mun ga waɗanda suka kwashe rabin yini suna kokawa da babban noti alhali aikin da suka zo yi bai ma buƙaci a taɓa shi ba.

Me ke sa notin ya kafe? Na farko tsatsa. Wurin nan yana shan zafi duk lokacin da aka taka birki, sannan ya sha ruwan damina da taɓo, ga ruwan masu wankin mota da ake fesa masa da ƙarfi, ga ƙurar hunturu. Amma akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Yawancin motocinmu tokumbo ne, kuma da yawa daga Amurka da Kanada suka fito. A yankunan da ƙanƙara ke zuba a can, gishiri ake watsawa a kan titi don ya narkar da ita. Motar da ta yi shekara 8 ko 10 tana wanka da ruwan gishiri kafin ta iso Legas ko Kwatano, jikinta na iya yin ƙyalli, amma ƙarƙashinta ya riga ya ci tsatsa. Ka saye ta kana murna, ba ka san gadon da ka ci ba sai ranar da ka ɗora sifana.

Dalili na biyu, kamfani da kansa yakan shafa wa manyan notunan wani ruwan gam mai kama tiredi, wato zaren da ke jikin noti, domin kada girgiza ta kwance su. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara. Na uku kuwa, wanda muke ganin ya fi yawa a wajenmu, shi ne hannun wanda ya ɗaure shi a baya.

A nan za mu ɗan tsaya, domin lissafin yana da sauƙi kuma yana da ban tsoro. Kowane noti a mota yana da iyakar ɗaurin da kamfani ya ƙayyade masa, ana auna shi da ma'aunin da ake rubutawa Nm. A Corolla ta 2003 zuwa 2008, babban notin mazaunin kalifar gaba Nm 107 ne, ƙaramin kuma Nm 34 kacal. To, mutum mai nauyin kilo 70 idan ya zura bututu mai tsawon mita 1 a sifana ya hau kai ya tsaya, ƙarfin da ya ɗora wa notin ya kusa Nm 690. Ya ninka abin da babban notin ke buƙata sau 6, ƙaramin kuwa sau 20. Noti ƙarfe ne mai ɗan miƙewa, da wannan ɗan miƙewar yake riƙe abu. Idan aka wuce masa iyaka, ya miƙe ke nan ba zai koma ba, ƙarfinsa ya ragu ko da ido bai gani ba. Mu kuwa al'adarmu ita ce a ɗaure har sai an ji ƙara, a ce yanzu ya kama. Wanda ya yi haka ya bar wa na bayansa wahala, ya kuma bar wa mai mota notin da ba a san ranar karyewarsa ba.

To, idan ya ƙi kwancewa, me ya dace?

Kafin komai, motar ta zauna daram. Wannan maganar ba ta notin ba ce, amma notin ne ke jawo ta, domin mai jan sifana da dukkan ƙarfinsa motar gaba ɗaya yake girgizawa. Jak ɗin da ke zuwa a but an yi shi ne don canza taya a bakin hanya, ba don a jingina rai a kansa ba. Bulon siminti kuma yakan fashe ba tare da ya yi gargaɗi ba. A sami ƙarfen tokare mota na gaskiya, a yi aikin a kan daɓe mai ƙwari ba a kan rairayi ba, a ja birkin hannu, a sa dutse ko katako a tayoyin baya. Tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin motar ta kwanta. Yara kuma su matsa.

Sai a duba ɓangaren da ake juyawa. Wannan zai ba wasu dariya, amma ya karya notuna da yawa. Kan notin kalifa yana kallon cikin mota ne, kai kuma kana zaune ta waje. Don haka abin da idonka ke gani a matsayin kwancewa, ɗaurewa ne. Mutum ya yi ta gumi yana ƙara tamke abin da yake son ya kwance. Idan aka murɗa sitiyari har bayan kalifar ya fito fili, za a ga kan notin sosai, a kuma sami wurin da doguwar sifana za ta shiga.

Kayan aiki su ne rabin nasara. Sifana mai buɗaɗɗen baki da sifana mai daidaitawa ba na wannan aikin ba ne, gefe biyu kawai suke kamawa, da an matsa sai su zame su cinye kusurwar notin. Soket mai kusurwa 6 ake so, wanda ya zauna cif, ba mai kusurwa 12 ba. A goge kan notin da burushin waya tukuna, domin taɓon da ya bushe yakan hana soket shiga har ƙasa. A fesa maganin tsatsa, WD-40 ko makamancinsa, a kiyaye kada ya taɓa faifan ko takalmin birki, sannan a ba shi lokaci. Wannan ba da lokacin shi ne abin da ya fi gagarar mu. Minti 20, a dawo a ƙara. Idan tsatsar ta yi yawa, a bar shi ya kwana. A ɗan bubbuga kan notin da guduma a hankali don tsatsar cikin tiredi ta farfashe, ba dukan huce haushi ba. Sannan a sa doguwar sandar soket a ja a hankali, ja mai ɗorewa, ba fizga ba. Ƙara bututu a kan sandar don kwance babban noti ba laifi ba ne, muddin da hannu za a ja, kuma ba a kan sifana mai ƙaras-ƙaras ba, domin haƙoranta za su zube. Idan ya motsa kaɗan ya sake cijewa, a mayar da shi baya, a ƙara fesawa, a sake gwadawa. A ƙananan notunan kuma, sandar da ke bayansu takan juya tare da su, sai an riƙe ta da wata siririyar sifana.

Maganar wuta ce muke son a ji mu da kyau. Gaskiya ne zafi yana kwance noti, kuma gaskiya ne jan gam mai ƙarfi ba ya saki sai ya ji zafin da ya kai wajen digiri 250. Ƙwararru suna amfani da wuta, amma sun san inda za su ɗora ta da abin da za su fara cirewa. A tazarar da ba ta kai tafin hannu ba daga wannan notin akwai tiyon roba mai ɗauke da man birki, akwai robobin da ke rufe fistin da sanduna, akwai wayar ABS, akwai giris na cikin ƙafar mota. Sabon man birki na DOT 3 yana iya tafasa daga digiri 205, wanda ya tsufa ya sha danshi kuwa tun daga wajen 140. Robar da ta sha wuta ba lallai ta yoyo a ranar ba. Sai bayan mako biyu, a gangara, da iyali a mota. Ga shi kuma an riga an jiƙe wurin da maganin tsatsa mai kama wuta, a ƙofar gidan da wataƙila akwai jarkar man janareto a zaure. Mu a nan ba mu da wata tababa: wuta ba ta cikin gyaran birki na gida.

Haka nan idan kan notin ya fara cinyewa. Da zarar soket ya zame sau ɗaya, a dakata. Har yanzu akwai mafita mai sauƙi, domin akwai soket na musamman mai haƙora a ciki da ke cizon kan da ya cinye. Amma idan aka ci gaba da filaya da kurfi da guduma har kan ya zama kamar ƙwallo, ko notin ya karye a ciki, aikin ya koma na huda da injin da sake yanka tiredi. Wanda ya tsaya da wuri ya mayar da tayarsa ya kai gareji a hankali, kuɗin kwance noti ɗaya zai biya. Wanda ya nace, sai ya sayi mazaunin kalifa, wani lokacin har da ƙafar gaba ɗaya, ga kuɗin janwe. Ina arahar take?

Sai dai duk wannan ba shi ne abin da ya fi tayar mana da hankali ba. Notin da ya ƙi fita, mota ce a tsaye, ba ta kashe kowa. Haɗarin yana wajen mayarwa.

Bayan an sha wahala an ciro shi, sai a dube shi a ga kansa ya cinye, tiredinsa ya lanƙwashe, amma a ce ai zai yi. Ko a aika yaro shagon kayan gini ya sayo mai kama da shi. Notin gini da notin birki kamanninsu ɗaya, ƙarfinsu ba ɗaya ba. Masu ƙarfi sukan zo da lamba a ka, irin 8.8 ko 10.9, kuma ba a sa ƙaramar lamba a gurbin babba. Tsawonsa da yanayin tiredinsa ma dole su dace. Akwai kamfanonin da suka rubuta a littafin gyaransu cewa manyan notunan nan ba a maimaita su, duk cirewa sai sabo. Mun kuma san ana yi wa noti walda a ƙara masa kai a mayar da shi mota. Walda don a ciro karyayyen noti dabara ce ta masu sana'a, amma daga nan bola ce makomarsa. Kasuwar kayan gyara ta Zuba tana nan kusa da mu. A ɗauki tsohon a hannu a je a nemo irinsa, ko da na jikin motar da aka farke ne mai lafiya, ya fi na shagon gini nesa ba kusa ba.

Ga abin da ke faruwa idan babban noti ɗaya ya fice a kan hanya. Kalifar za ta rataya a kan ɗayan, da an taka birki sai ta wuntsila ta daki cikin rim. Tana iya cije tayar nan take motar ta juya, tana kuma iya tsinke tiyo man ya zube. Motocin zamani an raba musu layin birki gida biyu, don haka ba duka ke tafiya ba, amma feda zai nutse ƙasa, abin da ya rage kuma ba zai ishi mai gudu a bayan tirela ba.

Sauran ƙananan abubuwan ma a nan ake tuntuɓe. Kada a bar kalifa tana lilo a jikin tiyonta, a ɗaure ta da waya a sama. Sandunan zamewa a wanke su a shafa musu giris na birki, domin giris na gama-gari yana kumbura robar har sandar ta kafe. Alamar kafewarta ita ce takalmi ɗaya ya cinye ya bar ɗaya, rim ya riƙa zafi, mota ta riƙa ja gefe, mai kuma ya riƙa tafiya a banza, a wannan tsadar. Bayan an gama a taka feda sau da yawa har ya yi tauri kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, domin takawar farko fanko ce. Katangu da ƙofofin gida da dama sun shaida haka.

Ga 'yan'uwanmu kanikawa, waɗanda da yawansu mambobinmu ne kuma muna alfahari da su: wannan rubutu ba raba ku da abincinku yake nufi ba. A gaskiya ma cewa muke a riƙa kawo muku aiki tun bai lalace ba. Amma za mu roƙe ku abu ɗaya. Notunan da ke gagarar mutane a gida, da yawansu a gareji aka ɗaure su haka. Idan oga ya bar wa yaro haɗa birki, ya zo ya duba da hannunsa kafin a mayar da taya. Sifana mai awon ɗauri, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai iyakarsa, ba kayan ado ba ce. Garejin da ke da ita, mu da kanmu za mu riƙa tura mutane can.

Ga iyayenmu masu ra'ayin a hana gaba ɗaya, mun fahimci tsoronku, kuma tsoro ne na gaskiya. Amma ƙungiya ba ta da ɗan sanda. Idan muka ce an hana, ba dainawa za a yi ba, ɓoyewa za a yi, mutum ya ƙi tambaya don kada a ce ya karya doka. Wanda aljihunsa ya gaza kuma, idan bai gyara da kansa ba, ba gareji zai tafi ba. Ci gaba zai yi da hawa motar da takalmin da ya ƙare har ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Wannan ya fi komai muni.

Don haka ga abin da za mu gabatar a taronmu na wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Muna neman amincewarku a cire kuɗi daga asusu a sayi akwatin kayan aiki guda ɗaya na ƙungiya: ƙarafan tokare mota guda biyu, saitin soket mai kusurwa 6, doguwar sanda, soket mai cizon cinyayyen noti, da sifana mai awon ɗauri. Za a ajiye shi a ofis da littafin sa hannu, mai aro ya ajiye ɗan abin jingina ya karɓa idan ya dawo da kaya cikakku. Sharaɗin aro shi ne, duk wanda zai taɓa birki karon farko sai ɗaya daga cikin kanikawanmu ya tsaya a kansa, kuma a biya shi kuɗin tsayuwarsa, ba a ce don Allah ba. Muna kuma roƙon kanikawan da ke cikinmu su zo taron da farashin waɗannan kaya daga Zuba, domin a yanke shawara a kan lissafi na gaskiya. Wanda ba zai samu zuwa ba, ya aiko da ra'ayinsa ta hannun wakilin unguwarsu kafin ranar.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.